Nonon Kumbo

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Ina roƙon duk mace mai goyo ta ba ni kunnenta kaɗan. In wata ta ce miki zawon ɗanki na haƙori ne, ki gaishe ta da ladabi, ki saɓi ɗanki ki nufi likita. In kuwa ta ce nononki ne ya ɓaci, ko gaisuwar kada ki tsaya yi. Ni Balki na ga abin da maganganun nan biyu suka yi wa ɗiyata Nana, kuma ba na fatan ko maƙiyiyata ta gani.

A Yamai muke lokacin, unguwar Lamorde, ƙetaren kogi, cikin gidan haya mai ɗakuna a jere. Shekarar da damina ta ƙi ce, soja ke mulki. Mu mutanen Maraɗi ne, aiki ya kai mu can, don maigidana Issufu mushe ne, yana koyar da yara a lakwal. Gero ya zama abin kallo a kasuwa, kowa ya koma ga jar dawar taimako, wadda in ka tuƙa tuwonta sai ka yi da gaske kafin ya wuce maƙogwaro. Mahaifiyar Issufu, Inna, ta baro ƙauye ta zo wurinmu saboda rumbunta ba ko zangarniya. Ba ta daɗe da sauka ba aka ɗebi ma'aikata, har da shi, aka tura su cikin ƙasa su kama rabon cimaka. Umurnin soja ne, ba mai tambayar ranar komowa. Ya tafi ya bar mu mu uku, ni da Inna da yarinya.

Nana ita ce haihuwata ta farko, tana cikin wata na bakwai, ta fara zama. Kun dai san yadda ake yi a wajenmu. Ta farko ba taki ba ce, ta kaka ce. Ba ki kiran sunanta gaban manya, ba ki yi mata wasa ana kallo, in ta yi kuka ma sai ki yi kamar kukan ɗan maƙwabta ne har kaka ta ce ki ɗauke ta. Ni da tun ina yarinya ake cewa bakina ya fi ni girma, a kan Nana gaban Inna sai in koma bebiya.

Sanyi ya shigo ke nan ciwon ya fara. Da amai ya fara, ba da zawo ba. Na ba ta nono da safe, ta sha ta ƙoshi, ina ɗaga ta sai ta dawo da shi duka a kafaɗata. Jikinta ya ɗau zafi. Kashegari zawo ya ɓalle, ruwa tsululu, ba jini ba majina, da wani wari mai tsami da har yau in na tuna nake jin shi a hanci. Kafin in gama wanke tsumma ɗaya ta ɓata wani, ga ruwan ma sai an saya wajen ƴan garuwa. Inna ta sa yatsa ta shafa dasashinta, ta ce, "Haƙori ne. Ubanta ma haka ya yi."

Daga nan likitocin tsakar gida suka buɗe aiki. Wannan ta ce a jiƙa sabara, waccan ta kawo laya a rataya mata a wuya. Wata ƴar Damagaram ta ce a rage ba ta ruwa, tunda ruwan ne ke fita, kamar yarinyar randa ce mai yoyo. Na lallaɓi Inna muka je disfanser ɗin unguwa. Tun hantsi muke layi, sai da rana ta take muka ga majo, babban ma'aikacin wurin. Bai taɓa yarinyar ba. Kansa na ƙasa ya rubuta mana siro, maganin sha na ruwa, ya ce wata ta shigo. Ban ga laifinsa sosai ba, don layin da ke bayanmu ya kai bakin titi, amma da ya ɗaga ido ya dube ta sau ɗaya da ban ji haushi haka ba. Muka sayo siron, duk cokalin da ya shiga sai ya dawo.

Da sati ya kusa zagayowa ba sauƙi, Inna ta aika unguwar Zango aka kira wata tsohuwa ƴar garinmu, ungozoma, wadda ake cewa ta san sha'anin nono. Suka sa ni na tatsa cikin ludayi. Tsohuwar ta je gindin katanga ta kamo tururuwa, ta jefa ciki, muka sunkuya mu uku muna kallo. Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil, ta kai bakin ludayin, ta zame, ta sake kaiwa, ta sake zamewa. Can ta daina motsi.

Tsohuwar ta ce, "To, kun gani da idonku. Nonon ya ɓaci. Wannan jar dawar da kuke ci ce ta ƙona shi. In ta ci gaba da sha, sai dai ku yi haƙuri da ita."

Wallahi maganar ta zo mini har baki, na so in ce ko ni aka jefa cikin abin da ya fi ƙarfina ai nutsewa zan yi. Na dubi Inna, na haɗiye. Suka shafa mini maɗaci, suka ɗaure mini ƙirji da ɗankwali tamau. Aka koma dama wa Nana madarar gari, irin ta taimako, da ruwan randa, wani lokaci a tsiyaye mata ruwan kunu.

Sati na biyu ba na son tuna shi. Yarinya tana jin ƙamshina ta miƙo hannu tana tsala ihu, ni kuma ƙirji ya kumbura kamar zai tsage, sai in faki ido in shiga makewayi in tatse a ƙasa ina hawaye. A hankali kumburin ya sace. Kukan Nana ma ya ragu, ya koma ƴar ƙara kamar ta ɗan kyanwa. Inna ta ce, "Kin ga ta fara samun sauƙi." Kada ku ɗauka muguwa ce. Matar nan ta binne ƴaƴa da hannunta kafin Issufu ya tsaya, kuma duk tsawon ciwon nan, Nana na bayanta ko cinyarta, lomar kirki ba ta kai baki ba. Abin da ta gada ta yi, da zuciya ɗaya.

Sai maɗigar yarinya ta faɗa. Wurin nan mai laushi a tsakar kai ya lotsa har kana iya zuba ruwa ya tsaya, idanu suka shige ciki, leɓe ya bushe. Inna ta kwaɓa wani gari ta liƙa a kan, wai ya jawo maɗigar sama.

Ana cikin haka Allah ya jefo mana Madam Ramatu. Bazabarma ce, a layinmu take, tana aikin jinya a asibitin yara can cikin gari. Ta shigo ne kawai ta gai da baƙuwa, don ta ji uwar mushe ta zo. Gaisuwar ba ta ƙare ba idonta ya sauka kan Nana. Ta durƙusa, ta kama fatar cikinta da yatsu biyu ta ja, ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe tsumma. Ramatu ba ta nemi izinin kowa ba. Da Hausarta ta mutanen Yamai, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ta daka mini tsawa: "Kai, tashi! Ɗauko zane. Yaro ya bushe, kana zaune!" Ita ta tare taksi. A bakin gada jandarma ya tsayar da mu zai duba takardu, ya leƙo ya ga abin da ke cinyar Inna, sai ya ja da baya ya ce wa direba ya taka.

Ban taɓa ganin yara marasa lafiya da yawa wuri ɗaya irin na ranar ba. Gadaje sun cika, an shimfiɗa tabarmi a baranda har ƙarƙashin itatuwa. Rabin matan daga sansanin bayan gari suke, Fulani da Buzaye waɗanda fari ya cinye wa dabbobi. Kusan duk ciwon iri ɗaya, amai da zawo. Aka nemi jijiya a hannun Nana aka rasa, sai da aka aske gefen kanta aka sa mata ƙarin ruwa a nan. Muka samu tabarma a baranda, aka rataye kwalbar a ƙusa.

Akwai wani likita saurayi, mutumin Tawa, siriri, da ke zagayawa kowace safiya da tire cike da ƴan ƙananan kwalabe. Mata sun sa masa suna Mai Kwalabe. Zai tsuguna gaban kowace uwa ya yi ta tambaya. Yaushe ya fara? Amai ne farko ko zawo? Daga asuba zuwa yanzu ya yi yawa ko ya ragu? Ya yi fitsari? In ya yi kuka, hawaye na fita? Sannan ya ɗebi kashin yaron da ɗan tsinke ya sa a kwalba. Da ya iso kaina, haushin sati biyu da na tara duk na juye masa. Na ce, "Haba likita! Yarinya na hannun Allah, kai kashi ka zo nema? Abin da aka tura ka lakwal ka koyo ke nan?"

Bai yi fushi ba, har ya ɗan murmusa. Ya ce, "Madam, kowace shekara in sanyi ya shigo barandar nan sai ta cika haka. Muna so mu san wane ne ke cika ta, kuma a cikin kashin yake ɓuya." Ya ce akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, sunanta rotabiris, ita suka fi zargi. Sunan ya zauna mini daram, ban taɓa mantawa ba. Ya ce daga kashin yaro take bin hannu da tsumma da ƙoƙo ta shiga bakin wani yaron. Ba allurar da ke kashe ta, da kanta take wucewa. Abin da ke kashe yaro shi ne ruwan jikinsa da take zubarwa, in ba a mayar masa ba. Sai ya tambaya ko Nana tana kama nono.

Inna ce ta ba shi labarin ludayi, da ƙarfin gwiwarta, ta ce tururuwa ta mutu, ta gani da idonta.

Likita ya gyara tsugunno ya fuskance ta kamar mai gai da uwarsa. Ya ce, "Inna, na yarda kin gani. Amma ko a ruwan randa aka jefa ta, haka za ta yi. Nonon ɗiyarki lafiyarsa lau. Duk asibitin nan ba mu da maganin da ya kai shi. Don Allah a kwance mata ƙirji."

Inna ta kau da kai. Ramatu ta kwance ɗankwalin, ta wanke mini maɗacin da ruwan ɗumi, aka sa mini Nana. Ta kama, ta ja, ta ja, ta saki. Na matsa da hannu, ɗigo biyu suka fito kamar hawayen mai jin kunya. Nono ya tafi. Ramatu ta dafa ni ta ce, "Kala suru," wato sai haƙuri.

Ƙarin ruwa ya yi aikinsa. Maɗiga ta taso, idanu suka ɗan fito, aka cire allura aka koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari, ana ba ta cokali-cokali, in ta amayar a dakata kaɗan a ci gaba. Amma ruwa ba abinci ba ne. Duk madarar garin da aka ba ta, ko da tafasasshen ruwa aka dama, sai ta bi ta wuce kamar an zuba a rariya. Mai Kwalabe ya ce zawon ya daɗe, hanjinta ya gaji, ba abin da zai zauna mata sai nonon mutum. Ya ce in yi ta sa ta a ƙirji, zai dawo in Allah ya so. Na dubi hannuwanta da suka koma kamar sillen kara, na san nonon nan ko zai dawo ba lalle ya tarar da ita ba.

A tabarmar da ke kusa da tamu akwai wata Bafillatana, sunanta Kumbo. Doguwa ce, ramammiya, ba abin da ya rage mata na ado sai zanen shuni ɗaya da ƴan kunne na tagulla. Daga arewacin Tawa suka taso da garkensu, shanu suka yi ta faɗuwa a hanya ɗaya bayan ɗaya. Mijinta ya kora ƴan ragowar ya yi kudu, ita ta iso sansani da yara maza biyu da jariri, Yero, tsaran Nana. Ita ba ta taɓa cire shi daga nono ba, amma ya iso asibiti a makare, ga yunwa ga tafiya, ko ƙarfin tsotsa ba shi da shi. Sai ta tatsa a cokali ta ɗiga masa. Hausarta kaɗan ce, maganarta ma kaɗan. Ramatu ta haɗa mu biyu-biyu, ta ce idon uwa ɗaya bai isa ba, in ɗaya ta tafi wanki ɗaya ta tsare yara biyu, ta lura da zawo da fitsari don a gaya wa likita. Haka na san Kumbo. In na dawo daga famfo sai ta ce, "Taki ta yi sau biyu, ruwa. Fitsari kaɗan." Ba ta taɓa kuskure ba, kuma ba ta taɓa ƙara ko kalma a kai ba.

Cikin sati na uku, wata ranar da hantsi, Yero ya cika. Likita na zagaye a ɗaya gefen barandar, kafin a kira shi an gama. Kumbo ba ta yi kuka ba. Ta shafe masa ido, ta rufe shi da gefen zanenta, ta zauna a miƙe har maza biyu suka zo daga sansani suka ɗauke shi. Mu ne muka yi ta sharɓe, ni da Inna. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗaura ƙullinta, ta miƙe za ta tafi. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, nono na zuba da kansa.

Nana na ƙirjina a lokacin, tana ja tana saki, tana buɗe baki ba sauti. Kumbo ta tsaya a kanmu tana kallo. Sai ta sauke ƙullin, ta zauna, ta miƙo hannu biyu ta ce, "Ba ni ita."

Inna ta zabura ta tare. Ta ce, "Subhanallahi! Nonon da ɗansa ya mutu yanzun nan? Ba mu san asalinta ba, ba mu san danginta ba. Nono ai ba ruwan famfo ba ne, hali ake sha a ciki. Sai ubanta ya dawo."

A nan kunyar ta ƙare mini. Ban san sanda na ce, "Inna, na bi maganarki har nonona ya ƙafe, ban ce uffan ba. Yau ki yi mini haƙuri. Nana ɗiyata ce, ni na haife ta, kuma ba za ta kai dawowar ubanta ba." Ranar ce farkon da na kira sunanta gaban Inna. Ramatu ta ruga ta kira likita. Ya duba Kumbo, ya yi mata tambayoyi, ya tambaye ta ko da son ranta ne. Ta ɗaga kai sau ɗaya. Ya ce, "To bismillah."

Kumbo ta wanke ƙirjinta, ta karɓe ta. Da farko Nana ta kau da kai, ba ta san ƙamshin ba. Kumbo ta matsa kaɗan a leɓenta, ta lasa, sai ta cafke. Jama'a, na ji ƙarar haɗiya. Ƙwat, ƙwat, ƙwat, a hankali, tana hutawa tana komawa. Na toshe bakina da mayafi. Kumbo kuwa ta kafa ido a bango, sai a sannan hawaye suka zubo mata, suna sauka a kan yarinyar, ba ta share ba.

Ba ta tafi ba. Ta sake shimfiɗa tabarmarta inda ɗanta ya rasu, ta zauna da mu. Ni ban san irin wannan zuciya ba, kuma har yau ban sake gamuwa da ita ba. Mace ta rasa shanunta, ta rasa ɗanta, mijinta bai san ma an yi ba, ta zauna cikin warin zawo tana shayar da ɗiyar wadda ba ta haɗa komai da ita ba. Kowace rana bayan azahar sai ta taka da ƙafa har sansani ta duba yaranta biyu da ta bari wajen ƙanwar mijinta, ta dawo kafin magariba. Na ce ta karɓi na taksi, ta dube ni kamar na zage ta.

Kuma ita ta kafa doka: ni ce farko. In Nana ta nemi nono, sai an sa ta a nawa ta ja har ta gaji, sannan Kumbo ta karɓa. In na ce a bar wahalar da yarinya ba komai a ciki, sai ta ce, "Saniya ma sai maraƙi ya ja take kawowa. Sa ta." Likita ya ce gaskiyarta.

Inna fa? Kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba. Rana ta uku ta fita tun safe, ta dawo da ɗan gero a ƙulle a bakin zane. Inda ta samo shi a shekarar nan, da abin da ta rabu da shi ta samo, ba ta faɗa ba, amma ban sake ganin tasar jan ƙarfen da ta zo da ita daga ƙauye ba. Ta koma gida ta surfa, ta daka, ta dama kunun kanwa mai kauri, ta ƙetaro gada da shi a kai. Ta zuba ƙwarya biyu, ta fara miƙa wa Kumbo. Ta ce, "Sha, ɗiyata." Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba har ta koma ga Allah, amma ita ke wanke wa Kumbo riga, kuma na ji ta da kunnena tana hana wata sabuwar zuwa cire ɗanta daga nono.

Sati na huɗu zawo ya fara kauri, ya koma sau kaɗan a yini. Nana ta fara bin cokali da ido, ta fara kuka mai ƙarfi da hawaye, irin kukan da dā ke ba ni haushi, yanzu kuwa kamar a buga mini kalangu. Wata safiya na ji ƙirjina ya yi nauyi, tana ja na ji zirr har cikin hammata. Na ƙwala wa Kumbo kira kamar wadda ta tsinci zinariya. Ta leƙo ta ga farin nono a gefen bakin yarinyar, ta ce, "Yawwa." A satin ne Mai Kwalabe ya gaya mana sakamakon kwalabensa. Rotabiris ɗin ce aka gani a na Nana, ita ce kuma a na Yero, da na yawancin yaran barandar. Na ba shi haƙuri kan maganar da na yaɓa masa, ya ce ai ya ji waɗanda suka fi ta.

To ku ji, mata. Amai da zawon ruwa ga jariri, musamman da sanyi, ba abin jira ba ne. Kada ki cire shi daga nono ko wa ya ce. Ki ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, ki wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa tsummansa. Ki lura da maɗiga da ido da fitsari, in ɗaya ya canza ki tashi ko tuwo na kan wuta. Yanzu ma har rigakafin rotabiris ɗin ake ɗiga wa jarirai a baki, abin da mu ba mu samu ba. Allah ya saka wa Ramatu da likitan nan, ya jiƙan Inna.

Ana gobe za a sallame mu labari ya zo cewa motocin soja za su kwashe mutanen sansani a mai da su arewa, inda aka ce an haƙa rijiyoyi don noman rani. Ba shawara aka yi da su ba, an dai ce kowa ya ɗaure kayansa. Kumbo ta zo sallama da rana tsaka. Na ƙulle ɗan abin da ke hannuna na tura mata, ta ture. Ta ce, "Nonon saniya ake sayarwa." Inna ta cire mayafinta ta yafa mata, wannan kam ta bari.

Ta ɗauki Nana ta ba ta nono na ƙarshe, ko da yake yarinyar ta ƙoshi da nawa. Sannan ta ce abu ɗaya take so. Ta ce in buɗe kunne. "Hammadi. Sambo. Ubansu Juli." Ta sa na maimaita, ta sa Inna ma ta maimaita. Ta ce, "Ta sha abin da suka sha, ƴan'uwanta ne, ba aure tsakaninsu. Ki gaya mata in ta yi wayo. Kada wata rana su haɗu ba su san juna ba." Ta miƙo mini ita, ta juya, ba ta waiwayo ba.

Da Issufu ya dawo ya ji labari, ya je sansanin ya tarar da fili, sai duwatsun murhu. Shekaru muna cigiya, duk wanda aka tura aiki wajen Tawa sai mun ba shi sunayen nan. Ba wanda ya taɓa dawo mana da labari.

Nana ta rayu, ta girma, yau ita ma uwa ce. Na gaya mata tun tana ƙarama, kamar yadda aka ba ni amana. Har gobe in aka tambaye ta su nawa ne a ɗakinsu, takan lissafa waɗanda na haifa, sannan ta ce da Hammadi, da Sambo, da Yero wanda ya bar mata nasa.